Kafin a ɗaure shanu a turke ɗaya

Duk lokacin da maganar makiyaya ta taso a Najeriya, akwai jimlar da ba ta ɓacewa a bakin manya: wai yawo da shanu tsohon yayi ne, a killace dabbobi wuri ɗaya kamar yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Gwamnonin kudu sun faɗe ta a Asaba a watan Mayun 2021, wasu gwamnonin arewa sun maimaita, malaman jami'a sun sa mata hannu, har da 'yan bokon Fulani da rabonsu da kwana a ruga tun suna firamare. Ni ban yarda da ita ba, aƙalla ba a yadda ake faɗarta ba. Yawon nan da ake rainawa dabara ce ta zama da rai a ƙasar da ruwan samanta ba ya cika alkawari, kuma har yau ba a kawo mana wadda ta fi ta aiki a irin wannan ƙasa ba. Ana iya gyara ta, dole ma a gyara ta, domin jini ya zuba da yawa. Amma mai gyaran abu ya kamata ya fara sanin dalilin da ya sa aka ƙera shi haka.

Ruwan sama shi ne uban tafiyar. A Kalaba yakan kai milimita 3,000 a shekara. A Sakkwato wajen 600 zuwa 700 ne, cikin wata huɗu kacal, a Agadas kuwa da ƙyar yake kai 150. Ƙarancin ma da sauƙi, rashin tabbas ɗin ne ke karya mutum. Kowane manomi a Katsina ko Damagaram ya san ana iya tafka ruwa a wannan ƙauye, na gaba da shi mai nisan tafiyar sa'a ɗaya ko yayyafi bai gani ba. Bana ciyawa ta kai ƙugu a wannan kwari, baɗi babu ko tsinke. Wanda ya jingina dukan dukiyarsa a kan fili ɗaya a irin wannan ƙasa, caca ya yi da ita.

Halittun da Allah Ya ajiye a yankin nan, kowacce da hanyar da Ya hore mata. Gaiwa, idan tabki ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ya bushe, ta bar 'yar kafar shaƙar iska, ta yi kwance wata da watanni har ruwa ya dawo. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, yana kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da dabba ke neman inuwa da abin taunawa. Shamuwa ba ta tsayawa jayayya da rani: da kaka ta yi sai ta bi damina zuwa kudancin Afirka, ba a sake ganinta sai bazara, ta dawo gaban ruwa. Giwayen Gurma a Mali suna zagayen ɗaruruwan kilomita kowace shekara, daga wannan tabki zuwa wancan. Babbar dabba mai cin ciyawa ba za ta iya barcin gaiwa ba, tafiya ce ta rage mata.

Raƙumi ne ya fi kowa iya tsayawa ya fuskanci rani. Zafin jikinsa kan sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya ƙyale shi ya hau har kusan 41 da rana kafin ya fara zufa sosai, da dare kuma ya saki zafin a iska. Ruwan da zai zubar wajen sanyaya jiki ya adana ke nan. Yana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa saboda ƙishirwa bai faɗi ba, abin da zai kashe ɗan Adam tun da nisa, idan kuma ya samu rijiya ya zuƙe lita 100 cikin 'yan mintoci. Tozonsa kitse ne, guzurin ranar da babu. Da wannan jiki Abzinawa ke ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma har gobe, su kai gero, su ɗauko kantun gishiri da dabino. To amma a ɗauki raƙumin nan a kai shi kurmi, cikin laima da ƙudan tsando, a ga kwana nawa zai yi kafin sammore ta kayar da shi. Ƙarfinsa na wurinsa ne.

Shanunmu ma haka suke, kuma a nan nake so a ɗan dakata, domin yawancin masu magana a kan kiwo a Abuja saniya ɗaya suka sani, sunanta saniya. Bunaji, farar saniyar Fulani, tana da farin gashi mai mayar da hasken rana, da baƙar fata a ƙarƙashinsa, da fatar wuya mai reto da ke taimaka mata fitar da zafi. Rahaji, ja mai dogayen ƙahoni da dogayen ƙafafu, ta Wodaɓe ce, don tafiya aka raine ta. Da rani takan sha ruwa yau ta tsallake gobe, ba ta yarda da baƙo, muryar mai ita take bi. Bokolon Sakkwato gajeren ƙaho gare ta, jiki a murje, ta fi dacewa da mai zama kusa da gari. Azawak ta arewacin Nijar da Mali tana ba da nono a inda ciyawa ke wata uku a shekara. Can kudu akwai Muturu, 'yar gajera da ba ta cika kai mita ɗaya ba, wadda tsando ke cizo ta ci gaba da kiwonta, haka ma N'Dama ta Futa Jalon a Gini.

Sai Kuri, wadda duk duniya babu irinta sai a Tafkin Chadi. Ba ta da tozo, ƙahoninta a kumbure suke amma ba nauyi, kuma iyo take yi daga tsibiri zuwa tsibiri tana bin ciyawar ruwa, mutanen Buduma masu ita suna biye. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Ya ɗan farfaɗo daga baya, amma ɓarnar ta riga ta auku. Kuri ba ta jure doguwar tafiya a tudu cikin ƙura, sai masu ita suka riƙa haɗa ta da bijimai masu tozo don 'ya'yan su iya sabuwar rayuwar. Rikicin Boko Haram ya zo ya kore mutane daga tsibiran. Tsantsar Kuri yau sai raguwa take yi, kuma ban taɓa jin wani ɗan majalisa ya miƙe a kanta ba.

Allah ne Ya halicci waɗannan dabbobi, amma hannun makiyayi ne ya yi zaɓe. Shekaru ɗaruruwa ana duba wane bijimi za a bari, wane za a dandaƙe, wace karsana ce uwarta ta fita rani da ƙafarta a shekarar da wasu suka zube. Bawodaɓe yakan lissafa maka asalin saniyarsa ta wajen uwa, kaka da kakanni, kuma yakan yi tafiya mai nisa don aron bijimin da ya yaba da jininsa. Aikin da ake ba mutum digirin digirgir a kansa ke nan, sai dai shi ba a rubuce yake ba.

Tafiyar kanta ba gararamba ba ce. Kafin garke ya tashi, akwai garso, wanda ke yin gaba ya dubo inda ruwa ya sauka, ya ga irin ciyawar da ta tsiro, ya tambayi halin rijiyoyi da na cuta da na hukuma. Da damina a nufi arewa, a bar wa manomi gonarsa, a guje wa laka da ƙudaje, a kuma riski ɗanyar ciyawar Sahel, wadda gajera ce amma ta fi dogon gambar kudu gina jiki. A Nijar akan kai har Ingal a watan Satumba, dabbobi su lashi gishirin ƙasar. Da kaka a gangaro a ci karan gero da ragowar gonaki, da rani a bi fadamu da bakin koguna. A da manomi da kansa yake roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa, har ya auna masa gero, saboda takin da shanu za su bari. Idan fari ko cuta ta share wa mutum garke, akwai haɓɓanaye: ɗan'uwa ya ba shi aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Kuma kada Bahaushe manomi ya ɗauka shi ba ya cikin wannan lissafi. Cin rani mene ne, in ba barin wurin da abinci ya yi ƙaranci a rage wa rumbu baki ba?

Masana sun auna abin, ba zancen son kai ba ne. A 1983 wasu masu bincike 'yan ƙasar Holan da suka yi aiki a Mali sun kwatanta abin da makiyaya masu tashi ke samarwa a kowace hekta da na manyan gandun shanu na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ƙarancin ruwa. Na Mali ne ke gaba, kuma da rata mai yawa. Gandun Bature ya fi samar da nama a kan kowane ma'aikaci, domin mutum ɗaya da mota da waya yana kula da dubban shanu. Amma mu ba mutane muka rasa ba, fili muka rasa, don haka lissafin hekta ne ya shafe mu.

Tarihin fari ma ya koyar da wannan. A shekarun 1960 an haƙa rijiyoyin burtsatse masu injin a yankin kiwo na Nijar, aka ce kowa ya sha kyauta. Niyya mai kyau ce. Sai dai rijiyar gargajiya tana da mai ita, shi ke cewa garke kaza zai sha, kwana kaza zai yi, kuma ta haka ake kare ciyawar da ke kewaye. Da injin ya zo, dabbobi suka yi dafifi a wuri ɗaya suka cinye komai. Da farin 1973 ya sauka, da yawa a bakin ruwan suka mutu, yunwa ce ta kashe su. Waɗanda suka tashi da wuri suka yi kudu su ne suka tsira da wani abu. A 1984 kuwa fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

Masu cewa a yi yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, ina ma za su leƙa su ga yadda ake yin. Ƙasar Sifaniya ta yi doka a 1995 da ke kare labin dabbobi mai tsawon kilomita kusan 125,000, kuma kowace shekara akan ratsa tsakiyar birnin Madrid da garken tumaki don tunatar da jama'a cewa hanyar tasu ce. A Faransa da Italiya da Suwizalan har yau ana hawa duwatsu da dabbobi idan zafi ya zo, a sauko idan sanyi ya kama. UNESCO ta sa wannan tashi cikin al'adun da duniya za ta adana a 2019, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo. Shi kansa gandun shanun da ake mana kwatance da shi, a busasshiyar ƙasa ba ɗan fili ba ne. Anna Creek a Ostareliya ya haura murabba'in kilomita 23,000, ya fi jihar Kano girma, kuma shanun da ke cikinsa ba su kai 20,000 ba. Yawo suke yi su ma, shingen ne kawai ya yi nisan da ba sa ganinsa. Wane gwamna ne zai yanka wa mutum ɗaya irin wannan fili?

A ƙasashen sanyi ma maganar ba ta canza ba. Mutanen Nenets na Yamal a arewacin Rasha suna bin rendiya, wata irin babbar barewa ta ƙasar ƙanƙara, ɗaruruwan kilomita kowace shekara. Dabbar da kofato take tone dusar ƙanƙara ta ci tsiron da ke ƙasa. A ƙarshen 2013 ruwan sama ya sauka a kan dusar a lokacin da ba a saba ba, ya daskare ya zama dutse, dabbobi wajen 61,000 suka mutu da yunwa abinci na ƙarƙashin ƙafarsu. A Mongoliya akwai bala'in hunturu da suke kira zud, wanda a 2009 zuwa 2010 ya kashe dabbobi kusan miliyan 8, kuma babbar kariyar makiyayi a can ita ce ya kwashe garke da sauri zuwa inda abin ya yi sauƙi. Wani bincike da aka wallafa a 1998 ya kwatanta filayen kiwon Mongoliya, inda aka ci gaba da tashi, da na maƙwabtanta a ɓangaren Rasha da Sin, inda hukuma ta zaunar da mutane. Ƙasar ta fi lalacewa nesa ba kusa ba a inda aka zaunar.

Duk wannan ba zai sanyaya zuciyar manomin da ya wayi gari ya tarar an cinye masa wake ba, kuma ba na so a ɗauka na manta da shi. Kukansa gaskiya ne. Mutumin da ya ci bashin taki, ya yi noma uku, saura mako biyu ya girbe, wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya saki shanu saba'in a ciki, wannan ba ya buƙatar lacca a kan hikimar garso. A Janairun 2018 an binne mutum 73 a Makurɗi rana ɗaya. Makonni kaɗan kafin nan an kashe mata da yaran Fulani a Numan. Zamfara kuwa kowa ya san halin da take ciki, kuma da yawan 'yan bindigar da ke dajin 'ya'yan makiyaya ne, kamar yadda da yawan waɗanda aka fara kwashe wa shanu makiyaya ne. Wanda ya kashe rai mai laifi ne, ko sanda yake riƙe da ita ko fartanya, kuma babu bayanin yanayi da zai wanke shi.

Abin da nake ja a kai shi ne inda ake ɗora laifin. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau mun haura miliyan 220. Dajin da ake kiwo ya zama gona, gonar ta zama fulotai. Noman rani ya mamaye fadamun da shanu ke dogara da su a watannin wahala. Madatsun ruwa irin Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru. Takin zamani ya sa manomi ya daina neman na shanu, kara da harawa kuma suka zama kayan sayarwa. Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo a 1965, aka ware wurare sama da 400, amma kusan kashi ɗaya cikin uku kawai aka tabbatar a hukumance, sauran masu iko suka rarraba. Labi da burtali an shuka musu masara, wasu an gina makaranta a kai, wasu gidan mai. Ga kuma sabon salo: garken na wani attajiri ne ko babban ma'aikaci a birni, yaron da ke biye da shi ɗan haya ne, bai san mai gonar ba, ba zai dawo baɗi ya haɗa ido da shi ba. An toshe hanya ta ko'ina, sannan ana mamakin ganin saniya a gona.

Maganin da ake ta tallatawa shi ne a kawo shanun waje a killace. Hujjar tana da ƙarfi a takarda. Najeriya na da shanu sama da miliyan 20, amma madarar da take samarwa wajen tan 700,000 ce a shekara, ba ta kai rabin abin da ake sha ba, sauran garin madara ne da ake shigowa da shi da fiye da dala biliyan ɗaya. Bunaji a ruga lita ɗaya ko biyu ake tatsa a rana, Holstein ta Turai tana ba da 25 zuwa 30. Kamfanin Arla ya buɗe gonar madara a Damau ta jihar Kaduna a 2023, da karsana sama da 200 daga Denmark. Ba ni da ja da wannan. Mai kuɗin da zai iya, ya yi, kusa da manyan birane ma abin so ne.

Sai dai a faɗi sauran lissafin. Holstein takan fara jin jiki da zarar zafi ya wuce digiri 25, ta rage ci, nono ya ragu, ɗaukar ciki ya yi wuya. Mu kuwa a Maris da Afrilu 40 abin yau da kullum ne, kuma a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya ga 48.5. Tana shan ruwan da ya haura lita 100 a rana. Tana son fanka da feshin ruwa, a ƙasar da asibiti ke neman wutar tiyata. Tana cin masara da waken suya, abincin da mutane da kaji ke rububi. Kaska da sammore da Bunaji ke ɗauka ta miƙe, ita kwantar da ita suke yi. Bunaji kuwa ƙarangiya da kara da ganyen gawo take mayarwa nono da nama, abubuwan da ba mai ci. Kwatanta su da lita kawai kamar kwatanta jaki da motar tsere ne a hanyar ƙauye da damina. Sannan makiyayi mai shanu hamsin a Yobe, ina zai samu ɗaruruwan hektar da za ta riƙe su shekara guda, da kuɗin shinge, da na rijiya, da na abincin wata takwas na rani? An gwada gandun gwamnati a Mokwa da Manchok tun shekarun 1960. A je a ga abin da ya rage.

Ƙasashe masu zafi da suka yi nasara a wannan fanni ba ta wannan hanya suka bi ba. Brazil, wadda ta fi kowa fitar da naman shanu a duniya, daga Indiya ta ɗauko shanu masu tozo, 'yan'uwan namu, tun ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa 1962. Ta shekara fiye da ɗari tana zaɓe da awo da rubutawa, har saniyarta mai tozo da ake kira Nelore ta zama abin da ta zama, kuma yau kusan kashi 80 cikin 100 na shanun ƙasar jinin masu tozo ne. Da ta so madara sai ta haɗa Gir ta Indiya da Holstein, ta fitar da Girolando mai jure zafi. Indiya kuma ta zama ta ɗaya a madara tun ƙarshen shekarun 1990, ba da manyan gandaye ba, da ƙungiyoyin ƙauye irin na garin Anand, inda mace mai saniya biyu ko ɓauna ɗaya ke kai lita uku safe da yamma, a auna, a biya ta. Mu ma muna da harsashin. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya an daɗe ana aiki a kan Bunaji, a Tukunus kusa da Filinge an shafe shekaru da dama ana zaɓen Azawak, akwai cibiyoyin karɓar madara a Oyo da Kano, da Hamdallaye da Kollo kusa da Yamai. Abin da aka hana su shi ne kuɗi da haƙurin shekara talatin. Kuma idan za a faɗaɗa karɓar madarar, a tuna nono a ruga na mace ne, da shi take sayen gishiri da sabulu da zanen 'yarta. Tsarin da zai tura kuɗin asusun miji ya ƙwace mata sana'a ne da sunan ci gaba.

Ta fuskar doka, Nijar ta riga mu, duk da talaucinta. Tun 1961 ta ja layi ta ce arewa da nan ƙasar kiwo ce. Ta yi kundin dokokin karkara a 1993, da kwamitocin filaye har matakin ƙauye. A 2010 ta fito fili ta rubuta cewa tashi da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Ana kafa turakun siminti a gefen labi, kuma kowace kaka hukuma da sarakuna da wakilan ɓangarorin biyu suna tsayar da ranar sakin gonaki: kafin ranar, dabbar da ta shiga gona mai ita ya biya, bayan ranar, manomin da bai kwashe amfaninsa ba ya kuka da kansa. Ba a daina rikici a can ba, kuma manoma sun daɗe da ƙetare layin 1961. Amma akwai abin da alƙali zai buɗe ya karanta. Mu nan mun sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar dabbobi, Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017, shirin Ruga na gwamnatin tarayya, na zaunar da makiyaya, ya mutu a 2019 tun kafin a haife shi, kowace jiha da inda ta fuskanta.

Tunda yanzu akwai ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, wadda aka kafa a 2024, da za ta ji tawa, da labi za ta fara. A bi su ɗaya bayan ɗaya tare da hakimai da arɗo-arɗo da manoman da ke gefe, a auna, a kafa alama, wanda gonarsa ta shiga ciki a biya shi. Kowane garke a san mai shi na ainihi, a sa wa dabbobin alama a kunne, a hana sakar wa ƙaramin yaro garke shi kaɗai, a hana kiwon dare kusa da gonaki. Ɓarna idan ta auku a kimanta a biya cikin mako, kafin zuciya ta yi aikinta. A jihohin da mutane suka yi yawa har babu sauran fili, a yarda cewa can kiwon killace ne ya dace, a taimaki mai son zama ya zauna, da makaranta da asibiti da takardar fili. Makiyaya da yawa sun riga sun zaunar da iyali, samari ne kawai ke tafiya da garke, kuma wannan tsari ne da ya kamata a ƙarfafa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ɗauki dokar da ta dace da Anambra a shimfiɗa ta a Gaidam.

Zafi kuma ƙaruwa yake yi, damina na ƙara rikicewa, shekara guda a yi fari a yi ambaliya. A arewacin Kenya, bayan damuna biyar a jere sun gaza tsakanin 2020 da 2023, Borana da Samburu, mutanen da saniya ce darajarsu da sadakinsu, suna ta komawa kiwon raƙuma, har gwamnatin gundumar Samburu na sayo raƙuma tana raba wa magidanta. Su da abin ya taɓa sun duba gaba sun nemi dabbar da ta fi tasu jure ƙishirwa. A daidai wannan lokaci ne mu muke lissafin karsana nawa jirgi zai ɗauko daga Denmark.